Yadda za ka zaɓi tsakanin risiba da amfilifaya mai zaman kanta a sinimar gida

Duk mai son haɗa sinimar gida, wato talabijin ko majigi da lasifikoki kewaye da mazauni, akwai inda zai zo ya tsaya cak: ya sayi risiba, akwati ɗaya mai yin komai, ko kuwa ya raba aikin gida biyu, furosesa daban, amfilifaya daban? Masu harkar sauti sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan, kuma galibin gardamar a kan akwatunan take ƙarewa. A ganina nan ne lissafi yake ɓaci. Lasifikokinka, da faɗin ɗakinka, da irin ƙarfin da kake jin fim, su ne ke yanke hukunci, kuma duka ukun ana iya auna su tun kafin a fitar da ko sisi.

Bari mu fara da abin da ke cikin kowane akwati. Risiba ayyuka biyu take yi. Na farko aikin kai ne: tana karɓar wayoyin HDMI daga na'urar wasa da na'urar faifai da akwatin kallo, ta warware sautin Dolby ko DTS, ta raba wa kowace lasifika nata rabon, ta gyara sautin ya dace da ɗakin. Na biyu aikin ƙarfi ne: ta ɗauki wannan siririn sigina ta ƙara masa ƙarfin da zai motsa lasifika. Idan aka raba kayan, furosesa ce ke ɗaukar aikin farko, ba ta iya motsa lasifika ko ɗaya, amfilifaya kuma ta ɗauki na biyu, ita kuwa ba ruwanta da hoto ko HDMI. Denon, Yamaha, Marantz, Onkyo da Sony duk suna yin risiba. A ɓangaren kayan rabe za ka ci karo da sunaye irin su Anthem, Rotel, Parasound, Emotiva da Trinnov, Marantz ma tana ciki.

Mataki na farko: ƙirga lasifikokin da kake son kaiwa

Ka ƙirga na yau, ka kuma ƙirga waɗanda kake da niyyar ƙarawa nan gaba. Lambobin da ake rubutawa ba su da wuya. A 5.1, biyar ɗin su ne hagu, dama, tsakiya da biyu na gefe, ɗayan kuma ita ce wufa, mai fitar da rugugin ƙasa. A 7.1 an ƙara biyu a baya. Lamba ta uku, kamar a 5.1.2 ko 7.1.4, tana nufin lasifikokin sama, waɗanda suka shigo gidaje tare da tsarin sautin Dolby Atmos a 2014, sannan DTS:X ya biyo baya a 2015.

Kowace lasifika tana buƙatar layin amfilifaya nata, ban da wufa, domin yawanci tana zuwa da tata a ciki. Ke nan 5.1.2 layi bakwai ne, 5.1.4 tara, 7.1.4 kuma sha ɗaya. Sai ka lura da wani abu a takardar bayanin risiba: yawan layin da take iya sarrafawa daban, yawan amfilifayar da ke cikinta daban. Denon AVR-X3800H, alal misali, tana sarrafa layi 11 amma amfilifaya 9 ne a cikinta. Mai son 7.1.4 da ita dole ya ƙaro amfilifaya mai layi biyu daga waje. Idan burinka bai wuce layi bakwai ko tara ba, risiba na nan birjik. Daga sha ɗaya zuwa sama zaɓi yana raguwa, kuma wanda ya nufi sha biyar ko sha shida ya riga ya shiga gonar kayan rabe.

Mataki na biyu: lambobi biyu a bayan lasifikarka

Juya lasifikar ko ka buɗe littafinta. Lamba ta farko ita ce saurin amsawarta, ana rubuta ta da dB, wato ma'aunin ƙarar sauti, kamar 86 ko 88 ko 92. Ma'anarta ita ce ƙarar da za ta yi in an ba ta wat ɗaya kana tsaye mita ɗaya daga gabanta. Lamba ta biyu ita ce turjiyarta ga lantarki, ana rubuta ta da om: 8, 6 ko 4.

Mutane sukan raina lambar farko, alhali ita ce uwar lissafin. Duk ƙarin dB 3 da kake so, sai ka ninka wat sau biyu. Lasifika mai 85 tana buƙatar ninki biyu na ƙarfin da mai 88 take buƙata kafin su yi ƙara ɗaya, kuma ninki takwas na abin da mai 94 take buƙata. Ƙaramar risiba tana iya cika ɗaki da lasifika mai 94, yayin da babbar amfilifaya take gumi a kan mai 85.

Turjiya kuwa, in ta yi ƙasa, lasifikar tana jan lantarki da yawa. Mai om 4 tana jan ninki biyu na abin da mai om 8 take ja a matakin sauti ɗaya. Kuma lambar da aka rubuta tsaka-tsaki ce kawai, domin turjiyar tana hawa da sauka gwargwadon kaurin sauti ko kaifinsa, har wata mai om 4 takan faɗo ƙasa da haka a wasu wurare. Irin waɗannan ne ke sa risiba ta ɗau zafi har ta kashe kanta ana tsakar kallo. Wasu risibobi suna da saiti na om 4, amma abin da saitin yake yi shi ne rage ƙarfin da take fitarwa don kada ta yi zafi. Ba ya ƙara mata komai.

Mataki na uku: yi lissafin da kanka

A nan ya kamata ka zauna da biro da takarda, don wannan shi ne matakin da zai fi kare maka aljihu.

Auna tazarar da ke tsakanin kujerarka da lasifikokin gaba. A fili, duk ninkin tazara yana rage dB 6. A mita biyu an rasa 6, a mita uku kusan 9.5, a mita huɗu 12. Cikin ɗaki asarar ba ta kai haka ba saboda bango yana dawo da sauti, amma ka yi aiki da waɗannan lambobin, abin da ya rage ya zama maka rara.

Sai ƙarfin da kake so. Ma'aunin da ake haɗa sautin finafinai da shi yana barin kowane layi ya kai ƙololuwar dB 105, wufa kuma 115. A yawancin risibobi, bayan an yi saiti, wannan shi ne inda maɓallin ƙara yake nuna 0 dB. Ƙara ce mai tsanani, kuma mutane ƙalilan ne ke jure ta a falo. Da yawa suna kallo ne a -10 ko -15 ko ma -20. In kana da wata na'ura yanzu, duba inda hannunka yake tsayawa in fim ya yi daɗi, wannan lambar ita ce taka.

Ga misali. Lasifika mai 88, kujera a mita uku. Wat ɗaya zai ba ka kimanin 78.5 a kunnenka. Kafin ka kai 105 sai an ƙara 26.5, wanda ya kama wat wajen 450. Babu risibar da za ta ba ka wannan. Amma in a -10 kake kallo, ƙololuwarka 95 ce, kuma duk ragin dB 10 yana raba wat gida goma, ke nan wat 45 ya ishe ka. A -20 ko wat biyar ba ka kai ba. Yanzu canza lasifikar ka sa mai 94 a mazaunin nan: cikakken 105 ɗin zai samu da wat kimanin 112.

Ka ga yadda abin yake. Mutum biyu na iya mallakar lasifika iri ɗaya a ɗaki iri ɗaya, ɗaya ya buƙaci wat 45, ɗaya 450, don kawai bambancin inda suke tsayar da maɓalli. Akwai kuma darasi na biyu a ciki: barin risiba mai wat 100 zuwa amfilifaya mai wat 200, dB 3 kacal zai ƙara maka. Ana jin sa, amma kaɗan ne. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin dB 10, wato wat ninki goma. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara ruɗuwa da bambancin wat 90 da 110 a jikin kwali ba.

Mataki na huɗu: karanta wat ɗin da aka rubuta da idon basira

Ba duk wat ne wat ba. Lambar da za ka yarda da ita ita ce wadda aka auna a om 8, daga Hz 20 zuwa 20,000, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi kaifi da kunne ke ji, da gurɓatar sauti ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, layi biyu suna aiki tare. Ƙatuwar lambar da ake bugawa a gaban kwali sau da yawa an auna ta ne da layi ɗaya tak, a om 6, a sauti guda na Hz 1,000, da gurɓata har kashi 10 cikin ɗari. Wannan ba ma'aunin da kowa zai saurara ba ne.

Dalilin bambancin shi ne duk layukan risiba daga taransifoma ɗaya suke sha. Kamar tanki ɗaya ne mai famfo tara: in ka buɗe biyu ruwa na zuwa da ƙarfi, in ka buɗe duka sai kowanne ya ragu. Amfilifaya mai zaman kanta takan zo da ma'ajiyar wuta mafi girma, kuma masu kyau a cikinsu suna rubuta ƙarfinsu ne duk layuka suna aiki lokaci ɗaya. Wannan fifiko ne na gaske. Sai dai a yi adalci, da wuya fim ya nemi ƙololuwar ƙarfi daga kowane layi a daƙiƙa ɗaya. Lasifikokin gaba uku su ne ke ɗauke da mafi yawan kaya, musamman ta tsakiya da ke ɗauke da magana. Na gefe da na sama yawanci aikinsu sama-sama ne.

Kada ka manta da wufa a wannan lissafin. Sauti mai kauri shi ya fi cin wuta. In ka saita lasifikokinka a matsayin ƙanana, ka sa mararraba a Hz 80, wanda shi ne ma'aunin da kamfanin THX mai tantance sautin sinima ya yaɗa, duk abin da ke ƙasa da nan zai koma kan wufa da amfilifayarta. Risibar ta sami sauƙi ke nan. Mutane da yawa da ke ganin risibarsu ta gaza, in an bincika sai a tarar sun bar lasifikokin a matsayin manya, suna tilasta mata aikin da ba nata ba. Ko da lasifikokinka dogaye ne masu tsayuwa a ƙasa, gwada wannan saitin kafin ka yanke cewa ƙarfi ne ya yi kaɗan.

Mataki na biyar: tuna wane ɓangare ne yake tsufa

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son kayan rabe suke da ita, kuma na yarda da ita. Ɓangaren kai yana tsufa da sauri. HDMI 2.0 ya fito a 2013, HDMI 2.1 a 2017, da shi aka sami hoton 4K mai firam 120 a daƙiƙa da kuma eARC, hanyar mayar da cikakken sauti daga talabijin zuwa risiba. Risiba mai lafiya lau da aka saya kafin zuwan Atmos ba ta iya warware shi, duk da amfilifayar cikinta ba abin da ya same ta. Amfilifaya kuwa aikinta bai canza ba. Wadda aka ƙera shekara ashirin da suka wuce, in tana da lafiya, za ta yi aiki da furosesar bana. Mai kayan rabe yana canza kai ne kawai ya bar ƙarfin.

Amma kada a ɗauka wannan yana nufin araha. Furosesa ita kaɗai sau da yawa ta fi risiba mai irin fasaharta tsada, domin ana ƙera ta kaɗan ne ga masu saye kaɗan. Ga kuɗin amfilifaya, ga wayoyin haɗi guda-guda ga kowane layi, ga wurin ajiya. In kuɗinka ƙayyadadde ne, abin da za ka zuba a rabon akwatuna zai fi amfani in ka sa shi a lasifikoki masu kyau, ko wufa ta biyu, ko kayan shanye amsa-kuwwa a bango. Waɗannan kowa zai ji bambancinsu da zarar ya shigo ɗakin. Bambancin amfilifaya biyu masu kyau, in ba a matsa wa kowacce ta wuce iyakarta ba, ƙanƙani ne ƙwarai.

Manhajar gyaran ɗaki ma ta fi cancantar ka tsaya a kanta fiye da wat. Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha tana da YPAO, Anthem tana da ARC Genesis, ana kuma samun Dirac Live a NAD da Arcam da wasu na Onkyo. Ita ce ke auna ɗakin da makirufo ta daidaita tazara da ƙarar kowace lasifika, ta kuma danne wuraren da rugugi ya yi yawa.

Mataki na shida: hanyar tsakiya

Ga abin da nake ba yawancin mutane shawara. Sayi risiba mai kyau wadda take da ramukan fitar da sigina a bayanta, waɗanda aka rubuta wa Pre Out, kuma ka tabbata na duk layuka ne, ko aƙalla na gaba uku. Ƙananan risibobi da yawa ramin wufa kaɗai suke da shi, wasu kuma na hagu da dama kawai, don haka ka duba hoton bayan na'urar da idonka. Yi amfani da ita haka nan na ɗan lokaci. In ta wadatar, shi ke nan. In ba ta wadatar ba, sai ka ƙaro amfilifaya mai layi biyu ko uku ta ɗauki na gaba, risibar ta ci gaba da riƙe na gefe da na sama. Da ka sauke mata na gaba, sauran layukan ma sun sami sarari.

Ta yaya za ka san ba ta wadatar ba? In sauti ya yi kaushi ya fara sukar kunne a wurin fashewa ko kiɗa mai ƙarfi, in na'urar tana kashe kanta, ko murfinta ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu duk da tana samun iska, to ta kai maƙura. Wannan kaushin alama ce ta cewa amfilifaya tana yanke kan sigina saboda ƙarfinta ya ƙare, kuma yana iya ƙona 'yar ƙaramar lasifikar da ke fitar da sauti mai kaifi. In ka ji shi ka rage nan take.

Wanda lissafinsa na mataki na uku ya nuna wat 200 zuwa sama, ko mai lasifikoki masu om 4 da lambar amsawa ƙasa da 87 a babban ɗaki, ko mai ɗaki na musamman da layi sha ɗaya zuwa sama da yake son ji a cikakken ma'auni, wannan ya tafi kai tsaye ga kayan rabe, kada ya ɓata kuɗi a hanya.

Mataki na bakwai: haɗa amfilifayar

Kafin ka saya, duba ko za su jitu. Kowace amfilifaya tana da adadin bolt da take buƙata a shigar mata kafin ta fitar da cikakken ƙarfinta. Mai ninka sigina da dB 29, wanda ya zama ruwan dare, tana buƙatar kimanin bolt 1 don ta ba da wat 100 a om 8, da kimanin 1.4 don wat 200. In amfilifayar tana neman bolt 2 ko fiye, risibar kuma ba ta iya fitar da hakan da tsabta, ka sayi ƙarfin da ba za ka taɓa isa gare shi ba. Lambobin biyu suna cikin littafin kowace na'ura.

Duba nau'inta kuma. Ajin AB tana da nauyi, tana fitar da zafi, tana son fili. Ajin D ba ta da nauyi, zafinta kaɗan ne domin kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ja takan tafi ga lasifika, kuma na zamani da aka gina a kan kayan kamfanin Hypex ko Purifi ba su da abin kushewa. In a cikin kabad za ka ajiye, ajin D ta fi dacewa.

Wajen haɗawa, cire komai daga soket tukuna. Cire wayoyin lasifikokin gaba daga bayan risiba ka mayar da su bayan amfilifaya, ja ga ja, baƙi ga baƙi, kuma ka murɗe zaren tagullar sosai kada silin waya ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa. Sai ka ɗauki wayar RCA, wato wayar sigina mai zagayayyen kai da tsinke ɗaya a tsakiya, daga ramin hagu na Pre Out zuwa layin da ka ɗaura lasifikar hagu, haka dama, haka tsakiya. Furosesoshi da yawa suna da ramukan XLR masu ƙafa uku, waɗanda suka fi jure doguwar tafiya ba tare da kwasar hayaniya ba. In akwatunan suna kusa da juna, RCA ta wadatar. Akwai kuma 'yar siririyar waya ta bolt 12 da ake kira tiriga, wadda ke sa amfilifaya ta kunnu ta kuma mutu tare da risiba. In babu ita, ƙa'idar ita ce amfilifaya ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa, don kada lasifika ta yi wannan bugun na "dum".

Kada ka ɗora akwati a kan akwati. Kowanne ya sami shiryayyensa da sarari a sama, gwargwadon abin da littafinsa ya nema. Shiga saitin risibar ka gaya mata layukan da suka koma waje, wasu ma suna ba ka damar kashe amfilifayar ciki ta waɗannan layukan gaba ɗaya.

Da ka kunna, kafin ka sa fim, kai kunnenka kusa da lasifika. In ka ji wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa, galibi matsalar wayar ƙasa ce tsakanin na'urori. Sa risiba da amfilifaya a soket ɗaya, sannan ka ciro wayoyin da ke shiga risiba ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin, wanda sau da yawa wayar eriya ce ko ta akwatin kallo, kuma akwai 'yar na'urar rabewa da ake sa mata. Kada ka kuskura ka cire ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe gurnanin, domin ita ce ke kare ka daga jan wuta in wani abu ya lalace a ciki.

Daga nan sai ka sake yin gyaran ɗaki daga farko. Sabuwar amfilifayar ba lallai ta ninka sigina daidai da ta cikin risiba ba, don haka tsohon saitin ya tashi aiki. Kafa makirufon a kan matsayi mai ƙafa uku daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, bakinsa yana kallon sama, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka auna duk wuraren da manhajar ta nema. In ta gama, koma ka duba mararrabar, domin sau da yawa takan mayar da lasifikokin gaba manya, sai ka dawo da su ƙanana a Hz 80.